Faifan da Kawunku Sale Ya Wanke

Dukanku kun taso kuna jin labarin nan daga bakin Kawunku Alhaji Sale, Allah ya jiƙansa. Ba a yin suna ko biki a danginmu ya tashi bai ba da shi ba: wai ubanku ya yi kusan shekara ba ya gaisawa da ƙanin matarsa saboda faifan garmaho guda ɗaya. Ya iya ba da labarin, wannan ba na musu. Har tafiyata yakan kwaikwaya, ya rungume faranti a ƙirji yana share hawayen ƙarya da hannun riga, mata suna dariya har suna riƙe ciki. Kun sha ganina a zaune a wurin ban ce uffan ba, na kuma san wasunku sun ɗauka shirun nan amsa laifi ne. To, ba haka ba ne. Alkawari ne ya ɗaure mini baki, yanzu kuwa waɗanda alkawarin ya shafa duk sun riga mu gidan gaskiya. Don haka ku ji yadda abin ya faru daga wanda aka yi wa.

Kun san aikin tafinta ne ya yawata da ni tun ina saurayi. Na yi wa 'yan kasuwa da ma'aikatan jiragen ruwa fassara tsakanin Turanci da Faransanci da Larabci, na kuma tsinci Tonanci, yaren mutanen can, a kasuwannin Kumashi. A Takoradi na fara jin kiɗan jaz, wurin wasu baƙaƙen fata 'yan jirgi da suka zo daga Amurka lokacin yaƙin duniya, kuma tun daga ranar duk garin da na sauka sai na nemi mai sayar da faifai kafin in nemi mai abinci. Na lura kowace ƙasa da yadda take sauraren kiɗan nan. A Ankara ta ƙasar Gana rawa ake yi masa har gumi ya jiƙa riga. A Dakar sai an ci ado an fesa turare. A Marsai ta ƙasar Faransawa na shiga wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda ko tari ka yi sai an harare ka. Amma a Tudun Wadan Zariya, inda na dawo na zauna na kama aiki a wani ɗakin karatu na jami'a a unguwar Kongo, gardama ake yi masa. Ba a taɓa barin faifai ya kai ƙarshe ba tare da wani ya katse shi da ra'ayinsa ba.

Ran Asabar bayan La'asar muke zama a zaurena. Nakan fito da garmahona mai hannun murɗawa da akwatin katako cike da tsofaffin faifai, irin masu nauyin nan da ke fashewa kamar kasko in sun faɗi. Kowane faifai sai an sa masa sabuwar allurar ƙarfe. Da zarar ƙahon farko ya tashi sai ku ji muryar Innarku daga tsakar gida.

"To, an fara kukan agwagin! Malam, a tura ƙofar nan, 'ya'ya na barci."

Amma duk da haka ita ke aiko mana da shayi da ƙosai. Masu zuwa kullum mu huɗu ne. Akwai Dokta Lawal, malami a Kongo, wanda ya yi karatu a Ingila ya dawo da sanin sunan kowane makaɗi da garin da aka haife shi. Akwai Kawunku Sale, wanda a lokacin yake tsaron sito a wani kamfanin gine-gine, kuma ƙosai ne ya fara kawo shi kafin kiɗan ya kama shi. Sai Malam Balarabe, na'ibin limamin wani masallacin unguwa a cikin birni, wanda yakan tako da ƙafa daga can har Tudun Wada, ya zauna a lungu da carbinsa. Dokta da Sale sun ɗauka zumuncina kawai ke kawo shi, yana haƙuri da shirmenmu ne. Sukan rage murya saboda shi, Sale ya ce, "Allah gafarta Malam, a yi mana afuwa, mu 'yan duniya ne." Shi kuwa sai ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbi.

Abin da ba su sani ba shi ne a Ankara na fara sanin Malam Balarabe, kuma ba rawani a kansa a lokacin. Ɗan gidan malamai ne kaka da kakanni, ya gudu daga gida yana matashi, ya faɗa hannun wasu masu kiɗan rawa a bakin teku, ya koyi busa ƙahon tagulla na Turawa mai maɓallai uku. Na ji mabusa a ƙasashe da yawa, ban kuma faɗi wannan don ya mutu ba: ƙalilan ne suka kai shi. Wani Bakwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, ya taɓa ɗaukar kiɗansu aka kai Ingila aka buga faifai kaɗan, daga baya kasuwancin ya rushe. Ba a rubuta sunan kowane makaɗi a jikin faifan ba. Da mahaifinsa ya rasu sai ya dawo Zariya, ya sayar da ƙahon a hanya, ya durƙusa gaban yayansa ya koma karatu, har ya zama mutumin da ake kira sulhu da raɗin suna. Yayan nan nasa shi ne limamin, mutum ne mai tsanani. A cikin birni mabushi maroƙi ne, ba wanda zai tsaya bambance maka busar Ankara da ta ƙofar fada. Da an ji, da ba a sake binsa salla ba, da kuma 'ya'yansa mata sun ji a jikinsu wurin neman aure. Abu ɗaya ya kasa yarwa, shi ne faifan. Da ya ji na zauna a Tudun Wada sai ya kawo mini shi a cikin gafaka, tsakanin littattafai biyu, ya ce in ajiye masa. Kowace Asabar sai na sa shi a ƙarshen zama, kamar dai wani faifai ne da nake so, shi kuma ya saurari kansa daga lungu.

Dokta ya fi kowa son faifan, yana kuma da tabbaci a kan wanda ya busa.

"Wannan ba ɗan Afirka ba ne," in ji shi. "Ji yadda yake jan numfashi. Baƙon jirgi ne daga Amurka, ya sauka ya yi musu busa ɗaya ya wuce. Na rantse da a ce ya zauna a can da duniya ta san shi."

Wata rana Sale ya juya don tsokana ya ce, "Allah gafarta Malam, kai me ka ji?"

Malam Balarabe ya ɗago ya ce, "Ni ina na san waɗannan abubuwa? Na dai ji kamar mutumin yana fama da mura a ranar."

Suka fashe da dariya, Dokta har da buga gwiwa. Ni kaɗai na san da gaske yake.

Haka muke har shekarar da kuɗin man fetur suka sauko ƙasar nan kamar an ɓalle bakin famfo, wato shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi aka ba su na watannin baya a dunƙule. Ku da ba ku ga lokacin ba ba za ku gane haukan da aka yi ba. Na zauna a Hartum, na zauna a Dakar, na ga masu arziki iri-iri, amma ban taɓa ganin gari ya kwana da keke ya tashi da babur ba sai a Zariya. Mutum zai sayi firij ya kai gidan da ba a ja wuta ba, ya riƙa ajiye huluna a ciki. Duk abin da ya tsufa ya zama abin kunya. Mata suka fitar da tasoshin tagulla na iyayensu suka musanya da roba mai fure. Kawunku Sale ya bar sito, ya sami kwangilar kai siminti, kafin shekara ta zagayo ya je Makka ya dawo Alhaji, ya gina gida a Tudun Jukun, ya kuma je London sau biyu. A tafiya ta biyu ya dawo da wani rediyogiram mai tsawon makara, da sifika biyu kowace ta kai ƙugun mutum, da rikoda mai ɗaukar kaset, da tulin sababbin faifai na roba, waɗanda kamfanonin can suka tattara tsofaffin kiɗe-kiɗe suka sake bugawa.

Daga nan zaman Asabar ya lalace. Sale ba ya zuwa sai da faifai a hammata, kuma garmahona ba ya iya kaɗa irinsu, don haka sai dai ya zaro daga kwali ya riƙa juya shi a haske yana mana wa'azi. Ku tuna kuma ƙanin Innarku ne, akwai wasa tsakaninmu, yana da izinin ya faɗa mini abin da wani ba zai faɗa ba.

"Yaya Tafinta, dubi nan. Kiɗa goma sha a faifai ɗaya, ba murɗa hannu, ba canjin allura. Kai kuwa kana nan kana niƙa kamar mai injin markaɗe."

Na ce, "Na ji shi a gidanka. Sun ɗauki kiɗan da aka yi a ɗaki ɗaya sun raba shi biyu, ganga a gabas ƙaho a yamma, kamar an yi saki an raba 'ya'ya. Sun kuma zuba masa amsa-kuwa, sai ka ce a cikin rijiya aka busa."

"Amma ba shiii-shiii. Naka kuwa sai ka ce ana suyar ƙosai a bayan makaɗan."

Dokta, wanda na zaci zai tsaya mini, sai ya tsaya a tsakiya. Ya ce sabon bugu ya ceci kiɗan da ya kusa ɓacewa, ya ce tsohon bugu ya fi ɗumi, ya ce a wani faifan ma kamfanin ya yi kuskure ya sa gwajin ɗaukar kiɗan na biyu maimakon wanda aka fitar da farko, ya kuma yi ta bayani har shayi ya huce. A ƙarshe dai ya faɗi gaskiyar da na daɗe ina kauda kai daga gare ta. Ya ɗauki faifan Ankara ya karkata shi wajen ƙofa ya nuna mini yadda layukan suka fara yin fari.

"Malam, allurar nan taka cin faifan take yi. Kowace Asabar tana ɗebe wani abu. Waɗancan na Amurka ko sun ƙare an sake buga su, amma wannan na tambaya a London, ba wanda ya taɓa jin labarinsa. In ya tafi ya tafi. A kai gidan Alhaji a ɗauke shi a kaset."

Na ƙi. Na ce ba inda faifan zai je. Amma da na raka Malam Balarabe bakin titi a ranar, sai ya tsaya yana gyara takalmi, ya ce a hankali ba tare da ya dube ni ba:

"Abin nan da Dokta ya ce, kaset ɗin, mutum zai iya sa shi a aljihu?"

Na ce zai iya.

"Ba a kuma gane abin da ke ciki sai an kunna?"

Na ce haka ne.

Ya ce, "To." Ya miƙe ya kama hanyar birni. Ban taɓa jin ya roƙi wani abu a kan faifan nan ba sai ranar, kuma roƙon ke nan gaba ɗaya.

Ran Laraba da yamma na naɗe faifan a tsumma na kai shi Tudun Jukun da kaina, na riƙe shi a cinya kamar jariri. Muna shiga falon Sale, yana cikin nuna mini maɓallan injinsa, sai aka ɗauke wuta. Muka jira. Muka yi Magariba muka dawo, ba wuta. Na tuna masa cewa garmahona bai taɓa jiran kowa ba, ya ce in bar tsufa. Ya ce in bar faifan, da an kawo wuta zai ɗauka. Na ce a'a, zan dawo da shi gobe. Ya dafa ƙirji ya ce ashe ban yarda da shi ba, ashe har yanzu kallon mai tsaron sito nake masa. Innarku tana ɗakin matarsa, tare muka je, ta leƙo ta ce:

"Haba Malam! Ɗan'uwana ne fa, ba ɓarawo ba. Sau nawa za ka yi ta jigilar abin nan a kan titi, in ya faɗi kuma ka ce wa?"

Maganarta da ƙamshin gaskiya, don titin cike yake da sababbin masu babur da ba su iya tuƙi ba. Na ajiye faifan a kan kabad. Na dubi Sale na ce masa abu uku: kada ya sa shi a rana, kada ya ba wani ya riƙe, kada ya ɗora komai a kai. Ya rantse. Kuma ku sani, bai karya ko ɗaya daga cikin ukun ba. Na yi shekaru ina juya wannan a raina. Ta yaya zan san akwai buƙatar in ce wa babban mutum, Alhaji, mai 'ya'ya, kada ya wanke faifai?

Kashegari na tashi daga aiki na wuce gidansa kai tsaye. Na tarar da shi a ƙofa yana murmushi har kunne.

"Yaya Tafinta, yau za ka gode mini. Na ga dattin shekara da shekaru a faifan nan naka, na ce ba za a sa wannan ƙazanta a injina ba. Na yi masa wanka irin na London."

Ya nuna mini wata 'yar kwalba da ya sayo tare da injin, ruwan goge faifai, mai warin sifirit ɗin asibiti. An yi shi ne don faifan roba, kuma a jikin kwalbar an rubuta da Turanci ƙarara cewa kada a kusantar da shi ga tsohon faifan garmaho. Tsohon faifai da wani irin ƙaro ake yin sa, sifirit kuwa narkar da shi yake yi kamar yadda ruwa ke narkar da sukari. Sale yana karanta Turanci, takardun kwangila ba sa ba shi wuya. Bai dai ga dalilin karanta kwalba ba. Ya zuba, ya goga da auduga, ya ga audugar ta yi baƙi ƙirin, ya ce ashe dattin ya fi yadda ya zata, ya ƙara zubawa. Da ya gama da fuska ɗaya ya juya ɗayar. Audugar tana nan a cikin faranti, tuli guda, ya ajiye don ya nuna mini irin wahalar da ya sha.

Na ɗauki faifan. Ya yi toka-toka, yana ɗanko a yatsa, layukan sun shafe kamar an bi rubutun allo da ruwa. Na tambaye shi ko ya ɗauka a kaset kafin wankan. Ya ce wane mutum ne zai ɗauki hoto kafin ya yi wanka?

Na iya zagi da harsuna biyar, amma a ranar ko ɗaya bai zo mini ba. Na naɗe faifan a tsummansa na fito. Yana biye da ni har bakin titi yana cewa, "Wai me ya faru? Bai bushe ba ne kawai! Yaya, tsaya mana in kai ka a mota!" Na tako da ƙafa har Tudun Wada, faifan a ƙirjina. Tafiyar da yake kwaikwaya ke nan a wurin biki. Hawayen dai shi ya ƙara.

Ran Juma'a bayan masallaci sai ga direbansa da kwali guda cike da sababbin faifai, har da wani sabon inji ƙarami na kaɗa su, da saƙon cewa in zaɓi wanda ya yi kama da wancan, ai duk jaz ne. Na ce a mayar masa. Aka sake kawowa, na sake mayarwa. A karo na uku da kansa ya zo, na ƙi fitowa. Nan Innarku ta tashi.

"Malam, ka gaya mini abin da ke cikin faifan nan da ya fi ɗan'uwana. Zinariya ce? Ya yi kuskure, ya ba da haƙuri, ya biya ka ninki ba adadi. Mutane za su ce baƙin ciki kake yi da arzikinsa."

Na ce, "Ba nawa ba ne."

"To na wa ne? Faɗa mini, in je in durƙusa masa da kaina."

Ta jira, ta jira, sannan ta ce ai ta san za a yi haka, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Tun da na aure ta ban taɓa ɓoye mata wani abu ba sai wannan.

Na aika wa Dokta cewa ba zama ran Asabar. Malam Balarabe kuwa ban aika masa ba, don ban san me zan ce wa ɗan aike ya faɗa ba. Bayan La'asar ya yi sallama, ya shigo ya zauna a lungunsa, ya dubi zauren ba kowa, ya dube ni. Na kwance tsumman na miƙa masa, na ba shi labari tun daga ɗauke wuta har audugar. Ya juya faifan a hannunsa, ya kai hanci ya shinshina, ya shafa da babban yatsa.

Can ya ce, "Sa mana."

Na ce, "Malam, ba abin da ya rage."

"Sa mana dai."

Na murɗa garmaho, na sa sabuwar allura, na ɗora. Ba abin da ya fito sai wani shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano. Na kai hannu zan ɗage, ya ɗaga mini yatsa. Ya ajiye carbinsa a kan tabarma, abin da ban taɓa gani ya yi ba a zauren nan. Ya lumshe ido. Sai na ga yatsunsa uku na dama suna motsi a kan gwiwarsa, suna danna maɓallan da ba su nan, kumatunsa suna ɗan kumbura suna sacewa. Ya bi kiɗan tun daga farko, ya dakata inda mai fiyano ke karɓa, ya sake shiga daidai inda ya kamata. Ni ma da na haddace faifan sai na riƙa jin sa. Har allura ta kai ƙarshe tana ƙarƙaf-ƙarƙaf bai buɗe ido ba. Da ya buɗe sai ya ce:

"Ka san wajen ƙarshe, inda ake hawa sama? A nan murar ta kama ni, busar ta fashe. Dokta yana cewa gwaninta ce, alhali kuskure ne. Duk Asabar sai na jira wurin nan gabana yana faɗuwa." Ya ɗauki carbinsa. "Yau dai ta fita lafiya."

Na ce zan je in gaya wa Sale ko faifan wa ya narkar, don ya san girman abin da ya yi, ya daina aiko mini da kwali. Malam Balarabe ya girgiza kai. Ya ce Alhaji Sale mutumin kirki ne amma cikinsa ba ya riƙe magana, in ya ji da safe, kafin Azahar birni ya ji. Ya ce yana da 'ya'ya mata uku a gida, yayansa kuma yana da rai. Ya sa na yi masa alkawari: ba Sale, ba Dokta, ba Innarku, har sai shi da yayansa duk sun kwanta dama. Na ce to ni fa, da za a mayar mahaukacin da ya yanke zumunci a kan faranti? Ya ce, "Kai ɗan Tudun Wada ne, ka yi yawon duniya, an riga an san ka da abin mamaki. Za ka iya ɗauka." Ya tashi ya sa takalmi. Ban raka shi ba, don ya ce in zauna.

Bai sake zuwa Tudun Wada ba. Mukan haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure mu gaisa kamar kowa, ya tambayi iyali, in tambayi nasa. Zaman Asabar kuwa ya koma falon Sale, inda akwai fanka da lemo mai sanyi, Dokta ma can ya bi. Ban ga laifinsa ba. Ya sha zuwa yana ba ni baki, yana cewa shi ma ya yi baƙin cikin baƙon Amurkan nan, amma ai ba a gaba a kan matacce. Na zauna ni kaɗai da garmahona. Innarku ta daina cewa a tura ƙofa, ta kuma daina aiko da ƙosai, kuma na fi jin zafin na farkon. Sai da Babbar Salla ta zagayo, dattawan danginsu suka taru a kaina, na je Tudun Jukun na miƙa wa Sale hannu. Ya rungume ni, ya ce ya yafe mini. Ku ji fa, shi ya yafe mini! A wurin, ban ko zauna ba, ya fara ba mutane labarin, kuma bai daina ba har ya bar duniya.

Malam Balarabe ya riga yayansa rasuwa, yayan kuma ya yi tsawon rai ƙwarai, har ya binne Innarku da Sale da Dokta. Don haka duk mutanen da na so su ji wannan bayani ba wanda ya ji shi. Innarku ta tafi tana ganin mijinta mai taurin kai ne a kan abin banza. Wannan ne abin da ban yafe wa kwalbar nan ba.

Faifan yana cikin akwatin katako a ɗakina, shi ne na can ƙasa, a naɗe da tsumma mai ruwan ƙasa. Jikan Malam Balarabe, wanda ke koyarwa a Kongo yanzu, na gaya masa komai, ya kuma ce yana so. In na mutu ku kai masa. Zai ga kamar ba komai a jiki, ku ce masa haka yake. Ku riƙe shi da hannu biyu, kada ku sa shi a rana, kada ku ɗora komai a kai. Kuma tun da na ga irin dangin da na haɗa jini da su, bari in faɗa a rubuce: kada wanda ya wanke shi.